Daga Bompai Zuwa Zawaciki: Abin da Layin Dogo Ke Janyowa a Bayansa

A ranar 30 ga Janairun 2023, Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe ayyuka da dama a Kano, kuma biyu daga cikinsu na sufuri ne. Na farko shi ne gadar sama da ta ƙasa da ke Hotoro, inda titin Maiduguri ya haɗu da hanyar da ta kewaye birni ta gabas. Na biyu shi ne tashar sauke kaya ta kan tudu mai suna Dala, wadda ke Zawaciki a ƙaramar hukumar Kumbotso, maƙwabciyar unguwar masana'antu ta Challawa. Wanda ya tsaya a kan gadar Hotoro zai ga tankokin mai suna fitowa daga defo, tireloli suna nufar Bompai ko titin Zariya, 'yan A Daidaita Sahu kuma suna kutsawa tsakaninsu. Duk wannan zirga-zirga tana bin taswirar da aka fara zanawa fiye da shekara ɗari da suka wuce, ranar da aka yanke shawarar inda layin dogo zai tsaya.

A yau doka ta ce kafin a shimfiɗa irin wannan layi sai an yi nazarin tasirinsa ga muhalli. Tarihin Kano yana nuna cewa amfanin wannan nazari ya rataya ne a kan abu biyu: lokacin da aka yi shi, da kuma iya nisan da idonsa ya hanga. Idan an yi shi bayan an tsayar da hanya, ya zama cika sharaɗi. Idan kuma ya tsaya ga ƙarfen dogo kawai, bai duba abin da dogon zai janyo ba, to ya bar mafi girman ɓangaren lamarin.

Jirgin auduga da ya ɗauko gyaɗa

An fara aikin layin Baro zuwa Kano a 1907, a zamanin Percy Girouard, injiniyan jirgin ƙasa da ya gaji Lugard wajen mulkin Arewa. Tsawon layin ya kai kimanin kilomita 570, daga bakin kogin Neja zuwa Kano. Da yawa daga cikin leburorin da suka haƙa ƙasa suka ɗauki ƙarfe, ta hannun sarakuna da hakimai aka tattaro su ba da son ransu ba, abin da talakawa suka riƙa kira diban gwamna. Dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga jama'a a 1912.

Babban burin masu masaƙu na Ingila shi ne auduga. Sun lissafa cewa da zarar jirgi ya iso, audugar ƙasar Hausa za ta kwarara zuwa Lankasha. Manoman Kano suka yi nasu lissafin. Masaƙan gida suna sayen auduga da daraja, gyaɗa kuwa ana cin ta idan kasuwa ta faɗi, ga shi kuma kamfanonin Turai suna biyan kuɗi mai kyau a kanta. Gyaɗar da Nijeriya ta fitar a 1912 ba ta kai tan 3,000 ba, amma a 1913 ta haura tan 19,000. Daga nan aka shiga zamanin dalar gyaɗa da attajirai irin su Alhassan Ɗantata.

Tashar jirgin a wajen ganuwa aka kafa ta, ta gabas da birni. Kantunan Turawa da na Kwara suka taru a gefenta, Sabon Gari ya kafu domin ma'aikata da baƙin da jirgi ya kawo, nauyin kasuwanci ya fara karkata daga Kurmi zuwa waje. A 1930 aka miƙa reshe zuwa Nguru. Waɗanda suka zana layin sun auna tudu da kwari, sun lissafa gadoji da kuɗin aiki. Ba aikinsu ba ne su tambayi inda birnin zai miƙe, ko kuma wane rafi ne zai karɓi dattinsa, domin a lokacin babu dokar da ta ɗora wa kowa wannan tambaya.

Masana'antu sun bi dogo, dagwalo ya bi rafi

Masana'anta tana son wurin da za ta sauke ɗanyen kaya ta kuma loda abin da ta sarrafa cikin sauƙi. Saboda haka unguwar masana'antu ta farko, Bompai, ta bunƙasa a shekarun 1950 a gabashin gari, kusa da dogo, da injinan matse gyaɗa, da masaƙu, da majemu, da masu yin sabulu da alewa. A shekarun 1960 mai tsara birane B. A. W. Trevallion ya rubuta wa Kano tsarin bunƙasa na shekara ashirin, daga 1963 zuwa 1983. Bayan an ƙirƙiro jihar Kano a 1967, kuɗin man fetur kuma ya shigo a shekarun 1970, sai Sharaɗa da Challawa suka biyo baya a kudancin gari, ɓangaren da layin Zariya ke shigowa.

Jima tsohuwar sana'a ce a Kano, har akwai unguwa mai suna Majema a cikin birni. Majeman gargajiya da bagaruwa suke aiki. Majemun zamani kuwa da gishirin kuromiyam suke yi, tare da farar ƙasa da wasu sinadarai masu cire gashi, kuma suna shan ruwa mai yawa. Ruwan da ya gama aiki dole ya sami inda zai bi. Na Bompai yana sauka a rafin Getsi, ya haɗu da Jakara, ya tafi madatsar Wasai ta wajen Minjibir. Na Sharaɗa yana bin rafin Salanta zuwa kogin Challawa, wanda shi ma yake karɓar na unguwar masana'antun Challawa, sannan ya haɗu da kogin Kano kusa da Tamburawa, inda ɗaya daga cikin manyan matatun ruwan sha na birnin take.

A gefen waɗannan rafuka akwai masu lambu da ke noman rani: latas, kabeji, alayyaho, albasa, karas. Ruwan da ke wucewa ta gabansu shi suke jawowa da inji, domin shi ne ba ya ƙafewa da rani. Masu bincike daga Jami'ar Bayero da wasu jami'o'i sun shafe shekaru suna auna ruwan da ƙasar da ganyen, suna kuma ba da rahoton ƙarafa masu guba irin su kuromiyam da dalma. Ganyen nan kasuwannin birni yake shiga. Ƙarfe mai guba ba ya ruɓewa kamar shara. Idan ya zauna a laka, yana nan ko da masana'antar da ta zubar da shi ta rufe ƙofa.

Babu wanda zai ce jirgin ƙasa ne ya gurɓata Jakara. Amma jirgin ne ya zaɓa wa masana'antu mazauni, mazaunin kuma ya zaɓi rafin. Wannan sarƙa mai gaɓa uku ita ce darasin Bompai.

Yadda doka ta zo

Tunanin tilasta wa gwamnati ta auna illar aiki kafin ta fara shi ya samo asali ne daga Amurka, inda aka sa hannu kan dokar manufar muhalli ta ƙasa a ranar 1 ga Janairun 1970. Nijeriya ba ta bi sahu nan da nan ba. A cikin waɗannan shekaru aka kammala madatsar Tiga a 1974, wadda ta ba Kadawa da Kura ruwan noman rani, ta kuma rage ambaliyar da fadamun Haɗeja da Nguru suka dogara da ita. A Bakolori ta tsohuwar jihar Sakkwato, rikicin diyyar gonaki ya kai ga kashe manoma a watan Afrilun 1980. Duk da haka ba waɗannan ne suka haifar da doka ba.

Abin da ya haifar da ita ya faru ne a Koko, ƙaramar tashar ruwa a tsohuwar jihar Bendel. Tsakanin 1987 da 1988 aka shigo da kimanin tan 3,800 na shara mai guba daga Italiya, aka jibge durom-durom a filin wani mutumin gari da ake biya ɗan kuɗin haya a wata. Ɗaliban Nijeriya da ke karatu a Italiya ne suka ankarar da jaridun gida. Gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta janye jakadanta daga Rum, ta tsare wani jirgin ruwan Italiya, har aka kwashe sharar aka mayar. Kafin 1988 ta ƙare an kafa dokar soja mai lamba 42 kan shara mai cutarwa, da mai lamba 58 da ta kafa hukumar kare muhalli ta tarayya, FEPA. A watan Disambar 1992, watanni kaɗan bayan taron duniya kan muhalli a birnin Riyo na Brazil, aka kafa doka mai lamba 86 kan nazarin tasirin ayyuka ga muhalli. A 1999 aikin FEPA ya koma ƙarƙashin sabuwar Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya, a 2007 kuma aka kafa NESREA domin tabbatar da bin ƙa'idoji.

Ke nan shekara 81 ke tsakanin isowar dogo Kano da zuwan dokar. Bompai da Sharaɗa da Challawa duk sun riga ta.

Abin da dokar ta tanada

Dokar ta 1992 tana da jerin ayyukan da dole a yi musu cikakken nazari. A ciki akwai sabon layin dogo da rassansa, da tsarin jigilar jama'a masu yawa a cikin birni, da manyan hanyoyin ƙasa, da unguwar masana'antu mai faɗin hekta 50 ko fiye. Mai aikin, gwamnati ce ko kamfani, shi ke yi wa aikin rajista a ma'aikatar. Jami'ai su je su ga wurin, su tantance rukunin da aikin ya faɗa. Daga nan a tsara iyakar abin da za a bincika, ƙwararru su ɗebi samfurin ruwa da ƙasa da iska, su auna ƙara, su ƙirga gidaje da gonaki. Ga manyan ayyuka akan nemi bayanan damina da na rani, domin kwarin da ya bushe a Maris yana iya zama tafki a Agusta. Idan an rubuta daftarin rahoto, sai a ajiye shi a bainar jama'a na kwanakin aiki 21, a sakatariyar ƙaramar hukuma da ma'aikatun muhalli, a kuma yi sanarwa a jarida da rediyo. Kwamitin masana ya zauna a kansa, a gyara, sannan a ba da takardar amincewa mai ɗauke da sharuɗɗa.

A takarda tsarin ya cika. Rauninsa yana wurare huɗu. Na farko, mai aikin ne ke ɗaukar ƙwararren da zai yi nazarin, shi ke biyansa, kuma da wuya ɗan kwangila ya rubuta cewa aikin wanda ya ɗauke shi bai dace ba. Na biyu, rahoton yana zuwa da Turanci, shafi ɗaruruwa, cike da jadawalin sinadarai. Mai lambu a bakin Challawa ko mai shayi a Hotoro ba zai karanta shi cikin mako huɗu ba, ko da ya ji labarin an ajiye shi. Na uku, tarar da dokar ta yanka wa kamfanin da ya saɓa ba ta wuce naira miliyan ɗaya ba, kuɗin da ya yi nauyi a 1992 amma bai kai komai ba a gaban kwangilar biliyoyi. Na huɗu, wanda ya fi sauran muhimmanci, shi ne lokaci. Dokar ta ce a duba muhalli tun a matakin farko. A aikace, manyan ayyukan sufuri sukan fara ne da alƙawarin siyasa, sai yarjejeniya da kamfani, sai bikin aza harsashi. Nazarin da ya iso bayan haka zai iya ba da shawarar a yayyafa ruwa don rage ƙura, ko a ƙara kwalbati, amma ba zai iya cewa a matsar da layin ba.

Akwai kuma ayyukan da ba su shiga jerin dole kai tsaye ba, irin faɗaɗa titin cikin gari. A 2010 aka rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa domin faɗaɗa hanya, duk da cewa ganuwar Kano tana cikin kayan tarihin ƙasa, tana kuma cikin jerin wuraren da Nijeriya ta miƙa wa UNESCO a 2007. An sake gina ƙofa a wurin, amma ginin ƙasa na ƙarnoni ba ya dawowa. Haka kududdufan birni, waɗanda suka samo asali daga haƙar ƙasar gini suka kuma zama matattarar ruwan sama, ake ta cike su ɗaya bayan ɗaya. Kowane cikewa ƙaramin aiki ne da bai isa a yi masa nazari ba. Jimillarsu kuwa ana ganinta a tituna da cikin gidaje duk damina.

Sharuɗɗan masu ba da bashi

Wani matsi ya zo daga waje. Tun 1989 Bankin Duniya ya sa nazarin muhalli cikin sharuɗɗan ayyukan da yake ba wa kuɗi, yana kuma da ƙa'idar tayar da mutane daga mazauninsu. Bankin Raya Afirka yana da irin nasa, manyan bankunan kasuwanci kuma suka amince da makamantan ƙa'idoji a 2003. Bambancin da ke tsakanin waɗannan da dokar gida yana da girma ga talaka. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa filaye a hannun gwamna, diyyar da ta tanada kuma ta gini ce da shuka da sauran abin da aka inganta. Ƙa'idar bankunan ta ce ko wanda ba shi da takardar fili, kamar mai tebur a bakin titi ko makanike a ƙarƙashin bishiya, yana da haƙƙin a taimaka masa ya maido da hanyar cin abincinsa. A Legas, hukumar sufuri ta LAMATA da aka kafa a 2002 da tallafin Bankin Duniya ta yi aiki a ƙarƙashin irin waɗannan sharuɗɗa, ita ce kuma ta ƙaddamar da motocin bas masu hanyarsu ta musamman a 2008. Sakamakon haka shi ne, mutum biyu da aka tayar a gari ɗaya za su iya samun mabambancin haƙƙi, gwargwadon inda kuɗin aikin ya fito.

Dogo ya dawo

Bayan shekaru da jirgin ƙasa ya kusa mutuwa, Kano ta sake zama mahaɗar layuka. A watan Fabrairun 2021 aka aza harsashin layin Kano zuwa Maraɗi, mai kimanin kilomita 284, ta Ɗambatta, Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya, da reshe zuwa Dutse, a hannun kamfanin Mota-Engil na Fotugal, kan kuɗi kusan dala biliyan 2. A watan Yulin shekarar aka ƙaddamar da layin Kaduna zuwa Kano mai kilomita 203, a hannun kamfanin CCECC na Sin, kuma a Zawaciki aka yi bikin. Ga tashar kaya ta Dala a wuri guda. Ga kuma bututun iskar gas daga Ajakuta ta Kaduna zuwa Kano, mai kilomita 614, da aka fara a 2020, wanda babbar hujjarsa ita ce farfaɗo da masana'antu.

Masana'antun Kano da yawa sun durƙushe tun bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, saboda ƙarancin wuta da tsadar kayan aiki da kwararowar kayan waje. Kowane Bakane yana fatan su tashi, domin dubban matasa na neman aiki. Amma idan dogo da gas da tashar kaya suka yi abin da aka gina su dominsa, majemu da masaƙu za su ƙaru a Challawa da Sharaɗa, ruwan da suke zubarwa zai ƙaru, gidajen ma'aikata za su mamaye gonakin Kumbotso, tireloli kuma za su ƙaru a kan gadar Hotoro. Dokar 1992 tana duba aiki ɗaya-ɗaya. Rahoton layin dogo zai yi maganar ƙurar gini da gonakin da layin ya ratsa, na bututu zai yi maganar bututu. Tambayar yadda kogin Challawa zai kasance bayan shekara ashirin tana iya faɗawa tsakanin rahotannin, kamar yadda ta Getsi ta faɗa. Tarayyar Turai ta gane wannan giɓi, shi ya sa a 2001 ta wajabta nazarin muhalli a kan tsare-tsare gaba ɗaya, kafin a rarraba su zuwa ayyuka.

Sai kuma jirgin cikin gari. A 2016 gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta ƙulla yarjejeniya da kamfanonin Sin kan layuka huɗu masu kimanin kilomita 74, a kan dala biliyan 1.85. A 2020 wasu dattawan Kano ƙarƙashin Alhaji Bashir Tofa suka fito suka ƙi amincewa da bashin da ake shirin ciyowa domin aikin. Muhawarar ta fi karkata ga kuɗi da wanda zai biya, kuma gwamnatin ta sauka a 2023 ba a shimfiɗa layin ba. Buƙatar kuwa tana nan. Tun da aka hana acaɓa a Janairun 2013, babur mai ƙafa uku ne ke ɗauke da mafi yawan jigilar birni mai miliyoyin mutane, da hayaƙinsa da cunkosonsa. Jirgi ko manyan bas masu tsari za su iya rage wannan, wato aikin sufurin jama'a yana iya zama alheri ga muhalli. Nazari ba maƙiyinsa ba ne.

Jinkirin da aka samu yana da fa'ida guda: muddin layi yana kan takarda, matsar da shi ba ya cin komai sai tawada. A wannan mataki ne ake iya kwatanta hanya biyu ko uku, a ga wadda za ta kauce wa ganuwa da maƙabartu da sauran kududdufan da suka rage, a kuma yanke inda tasha za ta zauna da sanin cewa kasuwa da gidaje da masana'antu za su bi ta. A nan ne ake iya fassara taƙaitaccen rahoto zuwa Hausa, a karanta shi a gidajen rediyon da Kano ke da su da yawa, a kai shi gaban masu unguwanni da ƙungiyoyin direbobi da masu lambu, a kuma ƙirga masu tebur kafin katafila ta iso. A nan ne kuma gwamnatin jiha za ta iya ɗaura sabon filin masana'anta da sharaɗin matatar dagwalo mai aiki, tun kafin a ba da takardar fili.

Masu lambun bakin Getsi sun gaji sakamakon shawarar da aka yanke tun kakanninsu ba su san za a yi ba, a zamanin da babu doka kuma babu wanda za a tambaya. Mutanen Zawaciki da Panshekara da Hotoro suna da doka mai shekara fiye da talatin, da kwanaki 21 da ta ba su, da tarihin Bompai a gabansu. Abin da ya rage shi ne a kawo musu taswirar tun tana iya sauyawa.